Makullin Saƙo: A Hannun Mai Shi Ko A Hannun Hukuma?

Jawabi ga 'yan Arewa mazauna biranen Kudu



Batun da za a tattauna a kai yau shi ne wata takaddama da ke tsakanin gwamnatocin duniya da kamfanonin da ke ɗaukar saƙonnin jama'a ta wayar hannu, irin su WhatsApp da Signal da Telegram. Gwamnatoci da dama suna so a ba su ikon buɗe waɗannan saƙonni su karanta, in kuwa an ƙi, su toshe hanyar ɗungum. Wani zai ɗauka cewa wannan rigimar manya ce, ta Turai da Amurka. Alhali kuwa ba wanda ta fi shafa kamar mutumin da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Anacha ko Fatakwal, iyalinsa kuwa suna can Arewa, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye. Wannan mutum cinikinsa da zumuncinsa da asirin gidansa duk ta cikin wayar nan suke bi.

DAGA AMBULAN ZUWA SAƘON MURYA

Dattawa ba su manta ba, a shekarun baya in mutumin Sabon Badun ko na Agege yana so ya aika gida, sai ya nemi mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ya faɗa masa abin da ke ransa, a liƙe ambulan, a manna kan sarki. Ko kuma ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direban da zai haura Arewa. Mai rubutu ya san asirinsa, wanda zai karanta a ƙauye shi ma ya sani, amma duk da haka kowa ya yarda cewa buɗe wasiƙar wani a hanya cin amana ne.

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001 al'amura suka sauya. Yau dillalin shanu a Oko-Oba, da mai tumatir a Mile 12, da mai hatsi a Bodija, da mai goro a Shagamu, kowannensu da saƙon murya yake yanke farashi da abokin cinikinsa na Mai'aduwa ko Dawanau ko Illela. Ta nan ake aika lambar asusun banki da hoton rasit. Ta nan ake faɗin ranar da mota za ta taso da hanyar da za ta bi. Har wa yau ta nan ake sanar da rashin lafiyar uwa, da maganar auren 'ya, da saɓanin miji da mata. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, yanzu rabin abin da ke cikin ya koma waya.

YADDA AKE KULLE SAƘO

Kafin a fahimci takaddamar, wajibi ne a san yadda kullin yake aiki. Kowace waya da aka sa mata irin wannan manhaja tana ƙirƙirar abubuwa biyu na lissafi, waɗanda za a iya kamanta su da kwaɗo da makulli. Kwaɗon a buɗe yake, ana ba duk mai son aiko da saƙo. Makullin kuwa ba ya barin wayar mai shi. In mutum ya aika saƙo, wayarsa za ta sa shi cikin akwati ta datse da kwaɗon wanda aka aika wa. Kamfani shi ne direban da ke ɗaukar akwatin, amma ba shi da makulli. Kamfanin layi ma haka. Sai akwatin ya isa wayar da aka nufa sa'an nan ya buɗu.

Kamfanin WhatsApp ya kammala sanya wannan kulli ga dukkan masu amfani da shi a watan Afrilu na 2016, da dabarar da masu Signal suka ƙago. Telegram, wanda Pavel Durov da ɗan'uwansa suka kafa a 2013, nasa ya sha bamban: hirar yau da kullum da ta ƙungiyoyi kamfanin yana riƙe da makullinsu, sai wanda ya zaɓi sashen hirar sirri ne kaɗai ke samun cikakken kulli. Kiran waya na layi da gajeren saƙon tes kuwa ba su da wannan kulli sam, kamfanin layi yana iya kaiwa gare su.

Akwai kuma abin da ya kamata a lura da shi. Direba bai san abin da ke cikin akwati ba, amma ya san wanda ya ba shi, da inda ya kai, da ranar da ya kai. Haka nan kamfanoni suna da bayanai game da lambar mutum, da irin wayarsa, da lokutan da ya hau intanet, kamfanin layi kuma ya san hasumiyar da wayar ke kusa da ita. Watau kullin ya ɓoye maganar ne kawai, sawun mai maganar yana nan.

HUJJAR HUKUMA

Adalci ne a saurari hujjar gwamnatoci, domin tana da nauyi. Masu satar mutane don neman fansa, da 'yan ta'adda, da masu safarar ƙwaya, da masu lalata da ƙananan yara, duk suna amfani da waɗannan manhajoji. Jami'in tsaro yakan samo izni daga alƙali, ya je wa kamfani, kamfani ya ce ba shi da makulli. Wanda aka taɓa sace masa ɗa ko ƙane a hanyar Birnin Gwari ba zai yi wa wannan damuwa dariya ba.

Bugu da ƙari akwai ji-ta-ji-ta. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaye Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. A Indiya a 2018 ƙarairayin da aka yaɗa game da ɓarayin yara sun sa an kashe baƙi da ba su ji ba ba su gani ba. Baƙo a garin mutane ya fi kowa sanin haɗarin wannan, domin in wuta ta tashi rumfarsa ake fara nema, kamar yadda aka gani a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021.

Saboda haka tambayar da ke gaban jama'a ita ce: shin magungunan da gwamnatoci ke kawowa suna warkar da ciwon? Magunguna biyu ne suka fi yawa. Na farko a ba hukuma makulli na biyu. Na biyu a toshe hanya. Dukkansu an gwada su, kuma an ga sakamako.

MAKULLI NA BIYU

Amurka ce ta fara gwadawa. A 1993 gwamnatin Shugaba Bill Clinton ta fito da wata 'yar na'ura mai suna Clipper, wadda za a sa cikin wayoyi ta kulle magana, amma hukuma ta ajiye kwafin makullin. A 1994 wani masani mai suna Matt Blaze ya nuna cewa akwai ɓaraka a tsarin. Jama'a da kamfanoni suka ƙi karɓa, zuwa 1996 maganar ta mutu.

A ƙasar Girka abin ya fi muni. Na'urorin kamfanin Vodafone na can suna da wata ƙofa da aka tanada don 'yan sanda su saurari kira in kotu ta yarda. Daga 2004 zuwa 2005 waɗansu mutane suka shiga ta wannan ƙofa a ɓoye, suka yi watanni suna sauraron wayoyi fiye da 100, ciki har da ta Firayim Minista Kostas Karamanlis da ta ministocinsa. Ƙofar da aka gina don kama ɓarawo, ita aka bi aka saurari shugaban gwamnati.

Bayan shekara 20 abin ya maimaita kansa a Amurka. Tun 1994 doka ta tilasta wa kamfanonin tarho na can su tanadi hanyar saurare domin hukuma. A 2024 aka gano cewa waɗansu masu kutse, waɗanda Amurka ta ce suna da alaƙa da gwamnatin Sin, sun shiga cikin manyan kamfanoni irin su AT&T da Verizon, har sun kai ga wannan sashe na saurare. A watan Disamba na shekarar, jami'an tsaron Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma amfani da manhajoji masu kulli.

Darasin a fili yake. Makulli bai san hannun da ya riƙe shi ba. In an ƙera makulli ɗaya da ke buɗe kowace rumfa a kasuwa aka ba mai gadi, to, amincin kasuwar duka ya rataya ga mai gadin, da yaransa, da duk wanda zai iya sayensa ko ya sace masa. In ƙasa mai ƙarfin Amurka ta kasa tsare nata makullin, sai kowace ƙasa ta yi wa kanta hisabi.

Duk da haka gwamnatoci ba su daina nema ba. A Fabrairu na 2021 Indiya ta kafa ƙa'idar da ta ce dole kamfani ya iya nuna wanda ya fara aika kowane saƙo, WhatsApp kuwa ya garzaya Babbar Kotun Delhi a watan Mayu yana ƙalubalantar ta. A Birtaniya, bayan da jaridu suka ba da labarin cewa gwamnati ta umarci kamfanin Apple ya buɗe mata ma'ajiyar bayanan jama'a, kamfanin ya janye kullinsa mafi ƙarfi daga ƙasar a Fabrairu na 2025. Mutanen Birtaniya suka wayi gari da ƙarancin kariya, mai gaskiya da marar gaskiya. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 13 ga Fabrairu, 2024, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wani mutumin Rasha mai suna Podchasov ya shigar, ta ce tilasta wa kamfani ya raunana kullin kowa da kowa don a binciki 'yan kaɗan ya keta haƙƙin sirri.

TOSHE HANYA

Magani na biyu shi ma an ga iyakarsa. Hukumar 'yan sandan ciki ta Rasha ta nemi Telegram ya miƙa makullai, ya ƙi. A watan Afrilu na 2018 kotu ta ba da umarnin toshe shi. Garin farautarsa hukuma ta rufe miliyoyin adireshin intanet na kamfanonin Amazon da Google, harkokin kasuwanci da dama waɗanda ba ruwansu suka tsaya, Telegram kuwa ya ci gaba da aiki. A watan Yuni na 2020 aka ɗage haramcin. Daga baya Rasha ta sake salo: ta toshe Signal a Agusta na 2024, ta taƙaita kira ta WhatsApp da Telegram a Agusta na 2025, ta kuma umarci a riƙa sa manhajar gida mai suna Max a sababbin wayoyi. A Barazil ma alƙalai sun rufe WhatsApp a Disamba na 2015, da kuma Mayu da Yuli na 2016, kowane karo wata kotu ta sama ta buɗe shi kafin a je ko'ina.

Amma ba sai an tsallaka teku ba. A farkon Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, don a yaƙi 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Daga nan aka faɗaɗa matakin zuwa waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, yawancin sauran jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

'Yan Zamfara mazauna Kudu sun san abin da ya biyo baya. An yi haihuwa an yi suna uba bai ji ba. An yi rasuwa an yi jana'iza 'ya'ya suna Ikko ba labari. Wanda ya saba aika kuɗin cefane ta banki ya rasa yadda zai yi, domin na'urorin masu POS sun tsaya. Mutane suka riƙa shiga mota daga Gusau zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya tak. Ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare ba shi da hanyar neman agaji. Jaridu kuma sun ba da rahoton cewa 'yan bindigar da ke kusa da iyaka sun koma amfani da layukan Jamhuriyar Nijar. Bayan an maido da layi hare-haren ba su ƙare ba. Wannan mataki bai tsaya kan manhaja ɗaya ba, ya haɗa da dukkan sadarwa, amma ya nuna wanda ke ɗaukar nauyin toshewa. Mai laifi yana da kuɗin neman wata hanya, talaka kuwa ba shi da ita.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa tabbacin sirrin kansa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta tarho, da saƙonsa na tangaraho. Sashe na 45 kuwa ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa da zaman lafiya, amma da sharaɗin a yi shi ta hanyar doka, dokar kuma ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya.

Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni su ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su har shekara 2, ta kuma ba alƙali ikon ba da umarnin saurare. A 2019 hukumar NCC ta fito da ƙa'idojin saurare, waɗanda suka ce a nemi takardar izni daga alƙali, in kuwa gaggawa ce a nema cikin awa 48 bayan an fara. A Disamba na 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. A ƙarin kasafin kuɗi na Yuli 2021 an ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa kimanin Naira biliyan 4.8 don kayan saurare, daga ciki biliyan 1.93 an rubuta su ne da sunan WhatsApp, biliyan 2.93 kuma da sunan wayar Thuraya. Sa'an nan a Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki.

Akwai kuma hukuncin da ya kamata a riƙa tunawa. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yuni na 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022, kwana 222. A watan Yuli na 2022 Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci kada a sake. Ko da yake Twitter dandali ne na fili, hukuncin ya kafa ma'auni: gwamnati ba ta da ikon rufe hanyar maganar jama'a haka kawai ba tare da doka ko umarnin kotu ba.

HANYAR DA TA DACE

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kamata a bi. Wanda ake zargi, a nemi izni daga alƙali da sunansa da lambarsa, a bi sawunsa, a ƙwace wayarsa in an kama shi, a bincika. Mai neman fansa dole ya yi kira, dole ya karɓi kuɗi, dole ya sayi man fetur da abinci da babur. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sawu ne, kuma ba ya bukatar a fasa akwatin mutum miliyan ɗari. An haɗa layuka da NIN ne da alkawarin za a gano masu irin wannan kira. Haƙƙin jama'a ne su tambayi yadda aka yi amfani da abin da suka riga suka bayar, kafin a nemi ƙari daga gare su.

Haka kuma wajibi ne a sa ido kan masu sa ido. 'Yan majalisa su nemi a riƙa gaya musu adadin takardun saurare da aka bayar kowace shekara, da adadin waɗanda suka kai ga shari'a. Jami'in da ya saurari ɗan jarida ko abokin hamayya ko abokin gabarsa na kasuwa ba da izni ba, a hukunta shi. Mulki juyi ne, na'urar da wata gwamnati ta saya yau tana nan za ta gāji wadda za ta zo gobe, ko wace ce. Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu suna da ƙuri'a a nan, suna da murya a can gida, ya dace su sa wannan batu cikin abubuwan da suke tambayar masu neman kujera.

NAUYIN DA KE KAN MAI WAYA

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin asirin da ke tonuwa ta hannun mai wayar yake tonuwa. Ɗan damfara yakan kira mutum ya ce taron ƙungiya za a yi, a karanto masa lambobi 6 da suka shigo. Duk wanda ya karanta ya miƙa makullinsa, nan take za a ƙwace WhatsApp ɗinsa a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Waɗannan lambobi ba a faɗa wa kowa, ko ɗan'uwa ne. Kowa ya sa wa manhajarsa lambar sirri ta biyu, ya kulle fuskar wayarsa, ya kuma kunna kullin ma'ajiyar hira, wanda WhatsApp ya tanada tun 2021 amma sai mutum ya kunna da kansa. Wanda zai sayar da waya ya goge ta tas. Wanda bai iya karatu ba ya nemi ɗansa ko amintaccensa ya yi masa waɗannan, kada ya miƙa wa duk wanda ya tarar a bakin kasuwa.

Sa'an nan a tuna cewa ƙungiyar mutum 500 ba ɗakin sirri ba ce, kulli ba ya hana ɗaya daga cikinsu ya kwashe magana ya fitar. Magana zarar bunu ce. Hoton gawa ko na gobara da ba a san ranarsa da wurinsa ba, kada a tura shi gaba. A tambayi Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa tukuna. Duk ƙaryar da aka yaɗa tana jefa baƙi cikin haɗari, tana kuma ƙara wa masu son a toshe hanya hujja.

A taƙaice, tsaron ƙasa da sirrin ɗan ƙasa abokan tafiya ne. Kwaɗon da ke hana jami'i leƙe shi ne kuma ke hana ɗan fashi sanin ranar da motar shanu za ta taso da kuɗin da ke jikin direba. Hukuma ta bi mai laifi da iznin alƙali, ta bar wa mai gaskiya makullinsa, shi kuma mai gaskiya ya riƙe makullin da kyau.

Allah Ya zaunar da Nijeriya lafiya, Ya tsare matafiya, Ya sada kowa da iyalinsa cikin alheri.